Darasi: Tankin Sienna da Nisan da Zai Iya Kai Mota

Duk wanda ya shiga tashar Unguwa Uku a Kano, ko ta Kawo a Kaduna, ko ta Jabi a Abuja, da wuya ya rasa Toyota Sienna a layin lodi. Mota ce da aka ƙera domin iyali a Amurka, mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas. An fara fitar da ita a 1997 daga masana'antar Toyota da ke Georgetown a jihar Kentucky, daga 2003 kuma aikin ya koma Princeton a jihar Indiana. Da ta tsufa a hannun masu ita na farko sai ta hau jirgin ruwa ta iso Afirka ta Yamma, inda ta samu aiki biyu: kai yara makaranta da zuwa biki a hannun magidanta, da kuma dogon zango a hannun direbobin haya.

Da magidancin da direban, tambayarsu ɗaya ce tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba, cika tankin Sienna bai wuce naira 15,000 ba. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Wanda a da yake ce wa mai zuba mai “cika min” ba tare da ya dubi famfo ba, yanzu yana son sanin lita nawa za ta shiga da kuma inda za ta kai shi. Amsar ba ta buƙatar komai sai ninkawa da rabawa.

Lita nawa tankin yake ci

Littafin da ke zuwa da motar yana ba da girman tanki da galan, a nan kuma ruɗani yake farawa, domin galan ba ɗaya ba ne. Na Amurka lita 3.785 ne. Na Ingila lita 4.546 ne. Wanda 'yan bumburutu ke sayarwa a bakin titi kuwa ana ɗaukarsa a lita huɗu, idan an cika shi da gaskiya. Galan 20 na iya zama lita 76, ko 80, ko 91, ya danganta da galan ɗin wa ake nufi. Tunda Sienna 'yar Amurka ce, da na Amurka za a yi lissafi.

Sienna masu fulogi shida, wato yawancin waɗanda aka yi daga farko har zuwa samfurin 2020, tankinsu yana tsakanin galan 20 da 21, wato lita 76 zuwa 79, gwargwadon shekarar motar. Sa'o'inta a tasha ba su yi mata nisa ba. Volkswagen Sharan, wadda aka fara haɗawa a Portugal a 1995 tare da tagwayenta Ford Galaxy, tana cin lita 70. Honda Odyssey ta 2018 zuwa sama tana cin galan 19.5, kusan lita 74. A wannan darasi za a riƙe lita 76.

Sanin wannan adadi yana da amfani tun kafin a tayar da mota. Idan aka shiga gidan mai allura tana kan kwata, ma'ana akwai wajen lita 19 a ciki, abin da ya kamata ya shiga bai wuce lita 57 zuwa 60 ba. Famfon da ya nuna lita 72 a irin wannan hali yana da abin dubawa. Allura ba ma'auni ba ce mai tsananin daidaito, saboda haka bambancin lita uku ko huɗu ba hujja ba ce ta tayar da jijiyar wuya. Amma tanki mai lita 76 da aka ce ya sha 85 ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ce ke da alhakin duba famfunan gidajen mai a Nijeriya, kuma tana rufe waɗanda ta kama suna tauye mudu.

Akwai wata al'ada da ta kamata a bari. Idan famfo ya tsaya da kansa, wasu direbobi sukan sa a girgiza motar a ci gaba da ɗura mai har ya leƙo bakin tanki. Masu ƙera mota da gangan suka bar fili a saman tankin, domin fetur yana kumbura idan ya ji zafi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma. Man da aka cusa a wannan fili yana iya gangarawa cikin wani ƙaramin akwati mai gawayi da aka sa don ya riƙa tare tururin fetur, ya lalata shi. Ribar lita ɗaya ko biyu ba ta kai kuɗin sauya akwatin ba.

Abin da takarda ta ce

Girman randa ba ya faɗin kwana nawa ruwa zai yi, sai an san yawan masu sha a gidan. Haka tanki yake. Lamba ta biyu da ake buƙata ita ce shan mai: kilomita nawa motar ke yi da lita ɗaya. Idan an samu wannan, sai a ninka shi da yawan litar da ke tanki, nisan ya fito.

A Amurka hukumar kare muhalli, EPA, ita ke fitar da alƙaluman shan mai na kowace sabuwar mota, da mil a kan galan. Sienna ta 2015 mai jan ƙafar gaba ta samu mil 18 a cikin gari, mil 25 a babbar hanya, 21 idan an haɗa biyun. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Hanya mai sauƙi ta juya alƙaluman ita ce a ninka su da 0.425, sai a samu kilomita a kan lita. Ke nan 18 ya zama 7.7, 25 ya zama 10.6, 21 kuma ya zama 8.9. Da tanki mai lita 76, motar za ta yi kimanin kilomita 580 a cikin gari, 805 a babbar hanya, 676 a haɗe.

A samfurin 2021 Toyota ta yi wani abu da ya nuna inda nisa yake fitowa. Ta cire injin mai fulogi shida gaba ɗaya, ta sa mai fulogi huɗu, lita 2.5, wanda injin lantarki da batir ke taimaka wa. Ta kuma rage tankin zuwa galan 18, lita 68. Duk da haka EPA ta ba motar mil 36 a galan, wato kilomita 15.3 a lita. Lita 68 sau 15.3 ya haura kilomita 1,040. An rage wa tanki lita takwas, nisa ya ƙaru da fiye da kilomita 360. Mai sayen mota da ya tsaya a tambayar “tankinta babba ne?” ya tambayi rabin abin da ya dame shi ne kawai.

To amma waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne. A ɗakin gwaji ake samo su, motar tana gudu a kan wasu manyan naɗe-naɗen ƙarfe ba tare da ta motsa daga wurin ba. Tun samfurin 2008 EPA ta gyara tsarin ta shigar da gudu mai yawa, da kunna na'urar sanyi, da lokacin ɗari, don lambobin su matso kusa da gaskiya. Ko da gyaran, babu gwajin da ya san da motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki, ta ɗauki fasinja bakwai da buhunan hatsi, tana kauce wa ramuka, tana tsayawa a shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Alƙaluman takarda sun dace da kwatanta wannan mota da waccan. Wanda zai tsara tafiya da iyalinsa yana buƙatar lambar motarsa shi kaɗai.

Awon da mai mota zai yi da kansa

Gani ya kori ji, kuma awon ba shi da wuya. Mai mota ya je gidan mai ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. Kafin ya tashi ya danna maɓallin TRIP da ke kusa da maleji har lambar ta koma sifiri. Sai ya ci gaba da harkokinsa kamar kullum. Idan man ya yi ƙasa, ya koma, in da hali ga famfon da ya yi amfani da shi da farko, ya sake cikawa har ya tsaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. A raba nisan da aka yi da wannan lita.

A ƙaddara wani magidanci ya yi haka. Lambar TRIP ta nuna 250, famfo ya nuna lita 50. Ya raba 250 da 50 ya samu biyar, hankalinsa ya tashi, ya nufi garejin bakanike yana cewa motar ta zama rijiya. Motar lafiyarta ƙalau. Yawancin Sienna da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil 250 sau 1.6 kilomita 400 ne. A raba 400 da 50, an samu kilomita takwas a lita, wanda ba abin kunya ba ne ga tsohuwar mota mai nauyin kusan tan biyu. Waɗanda suka fito daga Kanada su da kilomita suke ƙirgawa, don haka a dubi ƙananan haruffan da ke gefen lambar kafin a fara lissafi.

Wannan ruɗani na mil yana da wani haɗari da ya fi na aljihu. A malejin motar Amurka manyan lambobin mil ne a awa, ƙananan na ciki su ne kilomita. Direban da ya ga allura a kan 80 yana zaton yana tafiya a hankali, alhali yana gudun kusan kilomita 130 a awa. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 100 ga motar gida a kan tagwayen hanya, 90 ga motar haya.

Motocin da suka fito daga Turai, irin su Sharan, suna nuna shan mai ta wata fuskar: lita nawa ake ƙonawa a kilomita 100. Haka ake lissafi a Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa. A wannan tsari ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Don juyawa sai a raba 100 da lambar da ake da ita: kilomita takwas a lita daidai yake da lita 12.5 a kilomita 100.

Awo ɗaya ba ya wadatarwa. A yi na cikin gari daban, na doguwar hanya daban, a rubuta a ƙaramin littafi a ajiye a mota. Littafin yana da wata fa'ida: ranar da lambar ta faɗo daga takwas zuwa shida ba tare da an sauya hanya ko kaya ba, motar ce ke sanar da cewa wani abu ya taɓu, ko fulogi, ko nozul, ko matatar iska, ko birki da ke riƙewa.

Daga lissafi zuwa hanya

Ba duka lita 76 ne na tafiya ba. Mai hankali yana ware wajen lita 12 ya ɗauka kamar babu su. Saura 64. Sau takwas, kilomita 512. Wannan ne nisan da magidancin can zai dogara da shi, ba 805 na takarda ba.

Daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna wajen kilomita 440 ne. A raba da takwas, lita 55. Zai isa da ragowar kusan lita 21, hankali kwance. Zuwa da dawowa lita 110, idan aka ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 110,000 ke nan kafin a yi maganar abinci ko yawon cikin gari.

Maiduguri wani labari ne. Daga Kano ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu tafiyar ta kusa kilomita 600. Wanda ya riƙe lambar takarda zai ce tanki ɗaya ya isa har da rarar kilomita 200. A lambar motar ta gaskiya, tafiyar tana neman lita 74 ko 75 daga cikin 76. Ko mota ta kai, da ƙyar za ta kai, kuma zangon ƙarshe, daga Damaturu zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 130, ba hanyar da mutum zai so ya tsaya a gefenta da jarka a hannu ba ce. Lissafi ya riga ya faɗa masa tun yana gida cewa ya ƙara mai a Potiskum ko Damaturu.

Abubuwan da ke cinye nisa

Babban ɓarawon mai a doguwar hanya shi ne iska. Turjiyar da iska ke yi wa mota ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ninkuwa ne: a kilomita 120 a awa ta fi ninki biyu na abin da take a 80. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce shan mai yana lalacewa da sauri da zarar gudu ya wuce mil 50 a awa, wato kilomita 80. Sienna kuwa doguwa ce mai faɗin gaba, iskar da take turawa ba kaɗan ba ce.

Sai kayan da ake ɗaurawa a saman mota. Ma'aikatar ta ƙiyasta cewa babban akwatin kaya a rufin mota yana rage nisan lita da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a gari, kashi 10 zuwa 25 idan ana gudun mil 65 zuwa 75. Wannan fa akwati ne da aka ƙera don wannan aiki, ba katifa da jakunkunan Ghana-must-go da aka ɗaure da igiya ba. A koma ga magidancin nan. Idan kayan sama suka ci masa kashi 20, kilomita takwas ta koma 6.4. Lita 64 sau 6.4 ya ba da kilomita 410. Abuja da yake isa cikin sauƙi yanzu ta fi ƙarfin man da ya ware wa tafiya, sai ya shiga cikin ajiyarsa. Kayan da za su iya shiga but, gara su shiga but.

Nauyi shi ma yana da nasa kaso, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ga kowane ƙarin kilo 45, ko da yake a babbar mota abin ya ɗan gaza haka. Ya fi nunawa a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa. Tuƙin garaje, a taka totur a taka birki, yana iya cin kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. Na'urar sanyi a tsananin zafi tana iya cin sama da kashi 25, musamman a gajeriyar tafiya, wanda duk mai tuƙi a Sakkwato a watan Afrilu ba zai yi mamakinsa ba. Ba wanda zai ce a kashe ta yara suna zufa. A dai sa ta cikin lissafi. Mota a tsaye injin yana silo tana ƙona lita ɗaya zuwa biyu a awa, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba.

Tayar da iskarta ta yi ƙasa ba ta cin mai da yawa kamar yadda ake zato, abin bai cika wuce kashi uku ba. Haɗarinta ya fi asararta, domin tana zafi ta fashe. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, shi za a nuna wa mai faci.

Allura da fitila

A cikin tanki akwai wani abu mai yawo a saman mai, haɗe da sanda, yana sauka yana hawa tare da man. Shi ke aika wa allura saƙo. Tankin ba murabba'i ba ne, an lanƙwasa shi ne ya bi surar ƙasan mota, shi ya sa allura takan daɗe a sama bayan an cika, sannan ta riƙa gangarowa da sauri daga rabi zuwa ƙasa. A kan gangara ko hawa tana iya nuna abin da ba shi ba ne. Lambar da wasu samfura ke nunawa ta sauran nisan da ya rage ita ma ƙiyasi ce daga yadda aka tuƙa motar a baya-bayan nan, kuma a motar Amurka da mil take.

Fitilar gargaɗi takan kama idan ya rage wajen lita goma ko ɗan fiye. A kilomita takwas a lita, wannan tafiyar kilomita 80 ce ko makamancin haka, isasshiya a nemi gidan mai. Direbobi da yawa sun mayar da ita wurin zama, kullum fitila a kunne suna sayen na dubu biyar-biyar. Famfon da ke tura mai zuwa injin yana cikin tankin ne, fetur ɗin da ke kewaye da shi kuma ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi. Idan man ya yi ƙasa ƙwarai, a kwana ko a hawa famfon yana zuƙar iska, ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu kafin lokaci. Kuɗin man da za a kashe ɗaya ne ko an riƙe tanki a kwata ko an riƙe shi a ƙasa.

Wasu sukan magance tsoron ƙarewar mai da jarka a bayan mota. A Sienna babu bango tsakanin but da kujerun fasinja, ɗaki ɗaya ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan motar, kuma tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Aiki

A yi waɗannan a littafi, a nuna yadda aka bi aka samu amsa. Wata Sharan mai tankin lita 70 tana shan lita 10 a kilomita 100. Idan aka ware lita 10 a matsayin ajiya, kilomita nawa za ta yi? Wata Sienna kuma ta nuna mil 200 a TRIP, aka cika ta da lita 46. Kilomita nawa take yi a lita, kuma lita nawa za ta buƙata daga Kano zuwa Katsina da dawowa, idan zuwa kaɗai kilomita 170 ne? Wanda yake da mota ko babur a gida, ko yake da maƙwabcin da zai yarda, ya yi awon cikawa biyu a cikin wannan mako ya kawo lambar da ya samu aji.